Waifai ɗaya, mutum shida: Yadda za a raba intanet a gidan haya ba tare da an ɓata ba

Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, masu ƙaramin ƙarfi suka shiga neman dabarar rage kashe kuɗi. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce karo-karo: mazauna gida ɗaya su haɗa kuɗi su sayi rauta ko maifai, su zuba mata data mai yawa ta wata guda, kowa ya jona wayarsa.

Dabara ce mai kyau, domin duk wanda ya saba sayen data ya san sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. Wanda ke sayen giga ɗaya yau, ya ƙara ɗaya jibi, ya fi wanda ya sayi babban ƙunshi biyan kuɗi a kan kowace giga. Sai dai Bahaushe ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ba a cika yin wata biyu ana wannan haɗaka ba sai ƙorafi ya fara. Data ta ƙare tun ranar 18 ga wata, kowa na rantsuwar ba shi ba ne. Wani na tsakiyar darasi ta Zoom hoto ya daskare, a ɗakin da ke kusa kuma ana jin sautin fim. Wani ya gano cewa rabin samarin layin sun san lambar sirrin.

A ganina wannan rigima ba ta na'ura ba ce, ta rabon haƙƙi ce, kuma mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa sun daɗe da sanin yadda ake raba abin da aka yi tarayya a kai. Abin da ya rage shi ne a ɗauko wannan sani a ɗora shi a kan intanet.

Su wa abin ya shafa?

Wani zai ce ai wannan matsalar 'yan birni ce. Ba haka ba ne. A Bagauda da ke ƙaramar hukumar Bebeji akwai reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, inda ɗalibai daga sassan ƙasar nan ke zuwa su zauna wuri ɗaya na tsawon watanni. A kowace hedikwatar ƙaramar hukuma akwai masaukin 'yan bautar ƙasa. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da aka turo aiki Riruwai ko Dadin Kowa ko Yaryasa, waɗanda ke haɗuwa su kama gida ɗaya su bar iyalansu a Kano. Akwai jerin shaguna a Kwanar Ɗangora da kasuwar Tudun Wada, inda mai POS da mai cajin waya da mai tura finafinai ke iya jingina da na'ura ɗaya. Sannan ga babban gida irin namu na gado, mai sassa huɗu ko biyar, wanda ɗa ɗaya da ke aiki a birni ya kawo wa rauta.

Ga waɗannan mutane intanet ba abin nishaɗi kawai ba ne. Da shi ake cike takardar neman aiki kafin a rufe shafi, da shi ɗalibin jami'ar karatu daga gida ta NOUN ke sauke darasi, da shi dillalin shinkafa ke tura hoton kaya ga mai saye a wata jiha. Ɗan bautar ƙasa da ke karɓar alawus na naira 77,000 a wata, idan data ta ƙare a tsakiyar wata ya sake sayen wata, to daga kuɗin abincinsa ya cira. Saboda haka idan mutum ɗaya ya cinye rabon mutum biyar, ba wasa ya yi ba, aljihunsu ya taɓa.

Madatsa daban, magudana daban

Kafin a yi maganar rabo, sai an san abin da ake rabawa. Yawancin faɗan da ake yi a kan waifai ya samo asali ne daga cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba.

Mu ɗauki misali da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a ƙasar Bebeji. Akwai ruwan da ke kwance a cikin madatsar, akwai kuma babbar magudanar da ke ɗaukar sa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Ruwan madatsa na iya yin ƙasa idan aka yi ta saki ba lissafi. Ita kuwa magudana, ko madatsa cike take maƙil, iya faɗinta kawai za ta iya ɗauka a lokaci guda.

Haka intanet ɗin gida yake. Yawan datar da aka saya, wadda ake aunawa da giga, ita ce ruwan madatsa. Gudun da take zuwa da shi, wanda ake aunawa da megabit a kowace daƙiƙa, ana rubuta shi Mbps, shi ne faɗin magudana. Gida na iya kasancewa da ragowar giga 80 amma komai ya tsaya cik da ƙarfe tara na dare, saboda mutum uku sun cika magudanar. Haka kuma gudu na iya yin kyau amma data ta ƙare cikin mako biyu.

Matsala ta farko maganinta lissafi da kason kowa. Ta biyu maganinta tsarin lokaci da sanin wanda ya kamata ya fara wucewa. Gidan da ya haɗa su wuri ɗaya zai yi ta zargin wanda bai ji ba bai gani ba.

Manoman rani sun san wani abu kuma: na bakin magudana ya fi na ƙarshenta samun ruwa. A gida ma wanda ɗakinsa ke jikin rauta ya fi na ƙuryar gida samun ƙarfin waifai, domin kowane bango yana rage shi, balle bangon siminti ko ƙofar ƙarfe. Idan kuɗi ɗaya ake biya, bai dace na'urar ta zauna ƙarƙashin gadon mutum ɗaya ba. A sa ta a tsakiyar gida, a sama, kusa da tagar da ta fi kama sabis.

Lissafin da ya kamata kowa ya sani

Ba duk amfani da intanet ne ke cin data iri ɗaya ba. Saƙon rubutu na WhatsApp kusan ba ya cin komai. Kiran murya yana ci kaɗan. Bidiyo ne babban maci, kuma yawan cinsa ya danganta da kyawun hoton da aka zaɓa.

Kamfanin YouTube ya bayyana gudun da kowane matakin hoto ke buƙata: kimanin Mbps 1.1 ga matakin 480p, Mbps 2.5 ga 720p, Mbps 5 ga 1080p. Idan aka juya wannan zuwa data, awa ɗaya a 480p na cin kusan rabin giga, awa ɗaya a 1080p kuwa na cin fiye da giga biyu.

Mu ƙaddara gida mai mutum shida ya sayi giga 120 na wata. Kason gidan gaba ɗaya giga huɗu ke nan a rana. Idan mutum ɗaya yana kallon awa biyu kullum a 1080p, shi kaɗai zai ci kimanin giga huɗu da rabi a rana, wato giga 135 a wata, fiye da duk abin da aka saya. Idan ya sauko zuwa 480p, awa biyun nan giga ɗaya ce a rana, giga 30 a wata. Fim ɗaya, lokaci ɗaya, amma bambancin ya haura ninki huɗu. Kuma a fuskar wayar hannu da ba ta wuce tafin hannu ba, ido ba ya ganin wani bambancin da ya kai wannan asara.

Ta ɓangaren gudu ma haka ne. Idan abin da ke isowa gidan Mbps 10 ne, mutum biyu masu kallo a 1080p sun cika shi, na uku sai dai ya jira. Amma a 480p mutum takwas za su yi kallo tare.

Wannan ya sa doka ta farko da kowane gidan haɗaka ya kamata ya kafa ita ce mafi sauƙi: kowa ya shiga saitin YouTube da TikTok da Facebook da Instagram ya rage kyawun hoto, ya kunna tsarin tsimin data, ya kashe bidiyon da ke kunna kansa. Ba a hana kowa kallo ba, an dai rage faɗin cokali.

Macin da ba a gani

An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A harkar waifai, sau da yawa macin ba mutum ba ne, wayar ce da kanta.

An ƙera wayoyin zamani da tunanin cewa waifai kyauta ne kuma ba ya ƙarewa, domin haka yake a yawancin gidajen Turai da Amurka inda ake ja wa gida wayar intanet. Saboda haka da zarar waya ta ji ta hau waifai sai ta saki jiki. Play Store ya fara sabunta manhajoji. WhatsApp ya sauke duk hoto da bidiyo da aka turo a zaurukan da mutum yake, har waɗanda ba zai taɓa buɗewa ba. Google Photos ya fara kwashe hotunan biki yana turawa ma'ajiyar intanet. Kwamfuta mai Windows ta jawo sabuntawa mai nauyin giga da dama. Duk wannan mai wayar na barci. Idan ya rantse washegari cewa bai kalli komai ba, gaskiya ya faɗa.

Turawa ɗin nan ta fi saukewa illa. A layukan waya, hanyar tura abu sama ta fi ta saukewa ƙanƙanta. Idan waya ɗaya ta cika ta da bidiyo, saƙonnin kowa sai su shiga dogon layi a cikin na'urar, kiran murya ya fara yankewa, shafi ya ƙi buɗewa, alhali sandunan sabis a cike suke.

Maganin yana cikin wayar. A wayoyin Android irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung akwai wurin da ake gaya wa waya cewa wannan waifai na awo ne, ta riƙa ɗaukar sa kamar datar layi. iPhone na da tsarin rage cin data a kan kowane waifai, haka ma Windows. A WhatsApp a kashe saukewar kai-tsaye ta bidiyo. Aikin minti goma ne. Ya kamata ranar da aka kawo na'ura a zauna a tsakar gida, a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya a gyara su a gaban kowa, kafin a ba kowa lambar sirri.

Raba daidai ba shi ne adalci ba

Yawancin gidaje kan raba kuɗin kashi daidai saboda ya fi sauƙi, kuma ba wanda zai ce an ware shi. Amma duk wanda ya zauna a gidan haya mai mita ɗaya ya san ba haka ake raba kuɗin wuta ba. Mai ƙwan fitila ɗaya da fanka ba ya biyan abin da mai firji da dutsen guga ke biya. Ana ƙirga kayan kowa ne a yanka masa. To me ya sa malamar asibiti da ke wuni a wurin aiki, ta dawo ta duba saƙo ta kwanta, za ta biya daidai da wanda ke ɗora bidiyo a TikTok safe da yamma?

Tsarin da nake ganin ya fi dacewa shi ne a raba kuɗin gida biyu. Kuɗin na'ura da batirinta ko ɗan faifan sola da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, a raba daidai, domin kowa na amfana da kasancewarta. Kuɗin data na wata kuwa a raba shi da hannu-hannu, kamar adashe.

Mu koma ga gidan nan mai mutum shida da giga 120, mu ƙaddara kuɗin naira 24,000 ne. A kasa shi hannu 12, kowane hannu giga 10 a kan naira 2,000. Masu ƙaramin amfani biyu su ɗauki hannu ɗaya-ɗaya, matsakaita biyu su ɗauki hannu bibbiyu, manyan masu amfani biyu su ɗauki hannu uku-uku. Na farko zai biya 2,000, na biyu 4,000, na uku 6,000. Da an raba daidai, kowa 4,000 zai biya, ma'ana mai ƙaramin amfani na tallafa wa babba da naira 2,000 duk wata ba da saninsa ba.

Ta yaya za a san abin da kowa ya ci? Wasu na'urorin na nuna cin kowace waya a shafinsu na saiti, wanda ake shiga da lambobin da ke rubuce a jikinsu, irin su 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Inda na'urar ba ta nunawa, yawancin wayoyin Android na ajiye lissafin abin da suka ci a waifai. Duk ranar Juma'a kowa ya ɗauki hoton lissafinsa ya tura zauren gidan, mai riƙe da layin kuma ya tura ragowar data, wadda ake dubawa da *323# a dukkan layuka ko ta manhajar kamfanin. Wanda ya ga ya kusa cinye hannunsa tun mako na biyu zai ja birki da kansa, ko ya sayi ƙari daga wanda bai taɓa nasa ba.

Wasu gidajen sun gudu zuwa datar da ake tallatawa a matsayin marar iyaka. Kafin a saya a karanta sharuɗɗan, domin akasari akwai adadin da idan aka kai shi kamfani zai rage gudu sosai har ƙarshen wata. Iyakar na nan, an dai sauya mata kama.

Wa zai fara wucewa?

Ko an daidaita kuɗi, magudana ɗaya ce, kuma da daddare kowa na gida. A nan ma'aunin bai kamata ya zama wa ya fi biya ko wa ya fi girma ba. Ma'aunin shi ne: wa zai yi asarar da ba ta dawowa idan aka sa shi jira?

Mai ganawar neman aiki ta bidiyo, ko mai jarrabawa, ko mai darasin kai-tsaye, ko mai POS da kwastoma ke tsaye a gabansa, idan intanet ya yanke masa minti biyar, ya yi asara. Mai sauke fim ko sabunta waya, idan ya jira zuwa sha biyun dare, bai rasa komai ba, hasali ma a lokacin ne turken sabis ya fi sakewa. Saboda haka manyan saukewa su koma tsakar dare ko bayan asuba. Wanda ke da muhimmin abu gobe da ƙarfe goma ya sanar a zauren gida tun yau, sauran su ɗaga masa ƙafa na awa ɗaya. Ranar da ake babban wasan ƙwallo, maimakon waya biyar su jawo wasa ɗaya sau biyar, a taru a kalla a fuska ɗaya.

Wasu rautoci na da sashen da aka rubuta wa QoS, inda ake iya yanka wa kowace waya iyakar gudu ko a fifita kira a kan saukewa. Inda akwai shi a yi amfani da shi, amma bayan an yi shawara. Ƙananan maifai na aljihu galibi ba su da shi, kuma rashin sa ba uzuri ba ne. Manoman da ke karɓa-karɓar ruwa ba na'ura ce ke tsare musu layi ba, yarjejeniya ce da idon juna.

Lambar sirri da kunyar baƙo

Nan ne abin ya fi wuya a ƙasar Hausa. Aboki ya zo hira ya ce, “Malam, ɗan sa min lambar nan mana.” Ƙanin matar maƙwabci ya ce, “Yaya, saƙo ɗaya kawai zan tura.” Da wane baki za ka ce a'a? Mun taso a kan cewa ba a hana baƙo ruwa, kuma ba wanda ke son a kira shi marowaci.

Amma kyauta da kayanka ake yi. Data ta haɗaka ba taka ba ce kai kaɗai, kashi ɗaya cikin shida ne naka. Kuma lambar da aka ba mutum ɗaya ba ta tsayawa a wurinsa. Wayoyin Android na yanzu na iya nuna lambar waifai a matsayin hoton da wata waya za ta ɗauka ta hau nan take, ko da kai ka karɓi wayar ka sa masa da hannunka. Kafin mako ya zagayo, dakalin ƙofar gida ya zama majalisa.

Akwai hanyar da za a kiyaye mutunci ba tare da an cuci kowa ba. Yawancin rautoci na ba da damar buɗe waifai na biyu na baƙi, mai lambarsa daban, wanda ake kunnawa a kashe. Gida na iya ware wa baƙi hannu ɗaya da kowa ya sa kuɗi a ciki. Inda babu wannan, mai baƙo ya buɗe masa daga datar wayarsa. A riƙa sauya lambar duk ranar da aka sabunta data, da duk ranar da wani ya tashi daga gidan.

Akwai kuma dalilin da ya fi kuɗi nauyi. Tun daga Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Layin da ke cikin rauta da sunan mutum ɗaya aka yi masa rajista. Idan wani da ba a sani ba ya hau ya yi damfara ko barazana, sunan da bincike zai fara kaiwa gare shi na mai layin ne. Wanda ke raba lambar sirri a majalisa da sunan ɗan'uwansa yake caca.

Mai riƙe da na'ura ba sarki ba ne

Dole a samu mutum ɗaya da zai riƙa tara kuɗi, ya sayi data, ya riƙe lambar shiga saiti. Wannan amana ce, kuma tana da iyaka. Bai kamata ya toshe wayar wani cikin dare saboda sun yi cacar baki a kan shara ba. Bai kamata ya fifita wayarsa a ɓoye ba. Aikinsa ya san nawa aka ci, ba me aka kalla ba. Bin diddigin inda matar wani ko ƙanwar wani ke shiga ba ya cikin abin da aka ɗora masa. Ya nuna shaidar sayen data duk wata, kuma idan da hali riƙon ya riƙa zagayawa.

Hukunci ma a yanke shi tun kafin a yi laifi, kuma ya zama hawa-hawa: karo na farko tunatarwa, na biyu biyan abin da aka ci fiye da kaso, na uku cirewa har ƙarshen wata. A kuma rubuta tun farko yadda za a yi da na'urar idan wani zai tashi, musamman 'yan bautar ƙasa da shekara ɗaya kawai suke yi.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Elinor Ostrom, 'yar Amurka da ta zama mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin yadda manoma da masunta da makiyaya ke tafiyar da dukiyar tarayya a ƙasashe irin su Nepal da Sifaniya. Abin da ta gano shi ne tarayya na ɗorewa idan an san su wa ke ciki, su ne suka tsara dokar da kansu, ana ganin abin da kowa ke ɗiba, kuma hukunci na tafiya daki-daki. Duk wata uwar adashe a Ƙiru za ta ce ai ta san wannan.

Inda laifin ba na maƙwabci ba ne

Sai dai adalci ya haɗa da kada a ɗora wa ɗan ɗakin kusa laifin da ba nasa ba. Rautar da ke aiki da layin waya daga turken sabis take sha, kuma turken nan duk garin ke rabonsa. Da magariba, ko ranar kasuwa, gudu na iya faɗuwa ko da mutum ɗaya ne a gidan. Duwatsun Riruwai na tare sabis, kuma matafiyan da ke ratsa dajin Falgore sun san wuraren da waya ke yin shiru. Wani lokacin ma matsalar daga nesa take: a ranar 14 ga Maris 2024 lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ta jefa ƙasashen Afirka ta Yamma da dama cikin matsala, har da Najeriya. Gwaji mai sauƙi shi ne kowa ya sauka a bar waya ɗaya. Idan har yanzu ba ya gudu, a daina hararar juna, a kira kamfani, in bai yi komai ba a kai ƙara NCC ta lambar 622, wadda kyauta ce.

A nan ne hukumomi ke da tambayar amsawa. Shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin gudun da bai gaza Mbps 25 ba a birane da Mbps 10 a karkara, da giga ɗaya a kan abin da bai wuce naira 390 ba, da kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100 na jama'a. Alƙaluman NCC na 2025 sun tsaya ne a wajen kashi 50. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF domin kai sabis yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa.

Ya kamata Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu, da Abdulmumin Jibrin Kofa na Ƙiru da Bebeji, da Alhassan Ado Doguwa na Doguwa da Tudun Wada, su bi sawun waɗannan shirye-shirye su gaya wa jama'arsu garuruwa nawa ne na yankin ke ciki, kuma yaushe aikin zai iso. Shugabannin ƙananan hukumomin huɗu su ma za su iya tattara sunayen ƙauyukan da ba su da sabis su miƙa a hukumance. Yankin da ke shayar da gonakin Kano ruwa bai cancanci a bar shi yana ɗaga waya sama yana neman sanda ɗaya ba.

Kafin wannan ya tabbata, abin da ke hannun mazauna gida shi ne su zauna tun kafin a sayi datar wata mai zuwa. A ƙirga wayoyi, a gyara saitinsu, a yanka hannun kowa, a sa lokacin manyan saukewa, a amince da hukunci, a rubuta a takarda ɗaya a liƙa kusa da na'urar. Zaman ba zai wuce awa ɗaya ba. Data idan ta ƙare ana sayen wata, amma maƙwabtakar da ta lalace a kan giga goma ba a sayar da irinta a shago.